Me ya hana Linux shiga kwamfutar kowa da kowa, alhali kyauta ce?

Na daɗe ina juya wannan tambayar a raina, kuma na san duk wanda ya taɓa ɗora Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya kamar yadda Windows ke yi, a kwamfutarsa ya ga yadda take aiki shi ma ya taɓa yi wa kansa ita. Abu kyauta, ba kuɗin lasisi, ga sauri ga tsaro, tsohuwar laftof ɗin da ta gaji tana nishi ma in ka sa mata sai ka ga ta farfaɗo kamar ba ita ba, amma har yau in ka tara mutum ɗari masu kwamfuta da ƙyar ka samu huɗu ko biyar da ke amfani da ita. A alƙaluman StatCounter, masu ƙididdigar manhajojin da mutane ke shiga intanet da su, sai a 2024 ta haura kashi 4 cikin ɗari a kwamfutocin tebur da laftof, ita kuwa Windows tana wajen kashi 70. Kuma fa ba jiya aka fara ba, tun 1983 Richard Stallman ya kafa aikin GNU na gina babbar manhajar da kowa ke da ƴancin amfani da ita da gyara ta, a 1991 kuma Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fitar da zuciyar manhajar wadda ake kira kenel, wato sama da shekara talatin kenan ana abu ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure kai shine a ko'ina ta yi nasara banda nan. Manya-manyan kwamfutoci 500 da suka fi kowanne ƙarfi a duniya, tun ƙarshen 2017 dukkansu Linux suke amfani da ita, ko ɗaya babu da ta fita. Mafi yawan sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet, ita ce a kansu. Wayar Android ɗin da ke aljihunka ma kenel ɗin Linux ne a ƙasanta. To kaga kenan ba maganar rashin inganci ba ce, duk wanda ya ce maka wai Linux ba ta da kyau shi ya sa mutane suka guje ta gaskiya bai kalli abin da kyau ba. Akwai sauran buɗaɗɗun manyan manhajoji, wato waɗanda kowa zai iya duba kod ɗin da aka rubuta su da shi ya gyara, irin su FreeBSD da Haiku da ReactOS, amma su nasu rabon a kwamfutocin tebur bai kai a tsaya lissafa shi ba, don haka a kan Linux zan fi tsayawa, abin da ya same ta shi ya same su har da ƙari.

Ni a ganina tushen matsalar ɗaya ne, sauran duk rassa ne. Mutane ba sa zaɓen babbar manhaja. Kwamfuta suke saya, duk abin da suka tarar a ciki shi kenan. Ka tambayi wanda ba harkarsa ba ce wace babbar manhaja yake amfani da ita, zai iya ce maka HP ko Dell, kuma ba laifinsa ba ne, shi a wurinsa abu ɗaya ne, kamar yadda mai mota ba lallai ya san kamfanin da ya ƙera injinta ba. Microsoft ya gane wannan tun da wuri. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 yarjejeniyar da yake yi da masu ƙera kwamfuta ita ce su biya shi a kan kowace kwamfuta da suka sayar, ko da manhajarsa a ciki ko babu, to wane ɗan kasuwa ne zai biya kuɗin abu sannan ya ɗora wani daban? Sai a 1994 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sa ya daina wannan tsarin, amma kafin nan an riga an gama, kasuwa ta zauna a inda ta zauna.

An gwada karya wannan fa, ba wai ba a gwada ba. Dell ya fara sayar da kwamfutoci masu Ubuntu, wani nau'in Linux, a 2007, a shekarar ne kuma Asus ya fitar da ƴar ƙaramar laftof ɗin nan Eee PC da Linux a cikinta, ta karɓu sosai, sauran kamfanoni suka bi sahu, har aka fara cewa lokaci ya yi. Sai Microsoft ya tsawaita ran Windows XP wadda yake shirin yi wa ritaya, ya ba masu ƙera waɗannan ƙananan kwamfutocin a kan farashi mai rahusa, cikin shekara biyu kusan duk suka koma Windows. Yanzu akwai Lenovo da Dell da ke sayar da wasu samfura da Ubuntu ko Fedora, ita ma nau'in Linux ce, akwai ƙananan kamfanoni kamar System76 da Tuxedo da Linux ce sana'arsu gaba ɗaya, amma sai wanda ya riga ya san abin da yake nema ne zai same su, yawanci masu rubuta manhaja ake nufi da su.

To in ba ta zo a cikin kwamfuta ba, sai mutum ya ɗora da kansa, nan kuma mu da muka saba muke raina wahalar. Mu a wurinmu aikin minti ashirin ne. Amma ka duba abin da ake nema daga wanda bai taɓa yi ba, sai ya zaɓi nau'in da zai ɗauko, ya sauke fayil ɗinta, ya nemo wata manhajar da zai rubuta ta a filash, ya kashe kwamfuta ya kunna yana danna wani maɓalli da kowane kamfani nasa daban, ya shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na can ciki, wataƙila ya taɓa saitin tsaro na Secure Boot, sannan ya iso wurin da ake tambayarsa ko a goge faifan gaba ɗaya ko a raba shi, alhali hotunan ƴaƴansa da takardun aikinsa na shekara goma duk suna ciki. A daidai wannan wurin mutum mai hankali yake ja da baya, kuma ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ita ma Windows ɗin mutane nawa ne suka taɓa ɗora ta da hannunsu? Ba su da yawa. Bambancin kawai ita ba a taɓa buƙatar su yi ba.

Wanda ya tsallake wannan sai ya ci karo da babban bango, wato manhajojin aiki. Ba wanda ke kunna kwamfuta don ya zauna yana kallon babbar manhaja, aiki yake son yi. Mai zane yana son Photoshop da Illustrator, injiniya da mai zanen gini suna son AutoCAD, akawu yana son Excel, kuma duk waɗannan babu su a Linux. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Microsoft, alƙali Thomas Penfield Jackson ya fayyace wannan tun 1999, ya nuna masu rubuta manhaja suna bin inda mutane suka fi yawa, su kuma mutane suna bin inda manhajoji suka fi yawa, saboda haka sabon shiga ba shi da ƙofar da zai bi. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Adobe zai ce kashi 4 bai isa ya ɗauki ma'aikata saboda su ba, mai zane kuma zai ce ba zai koma inda babu kayan aikinsa ba, kuma in ka duba kowannensu yana da gaskiyarsa.

Nan ne masoya Linux suke saurin cewa ai akwai madadi, ga GIMP ga Krita ga Inkscape ga LibreOffice ga FreeCAD. Eh akwai, kuma wasunsu masu kyau ne ƙwarai, Blender ma ta kai matsayin da manyan kamfanoni ke aiki da ita ba don araha ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yatsunsa sun haddace Photoshop, kwastomominsa suna turo masa fayil ɗin Photoshop, abokan aikinsa duk a kanta suke, ba ƙaramin abu kake nema daga gare shi ba in ka ce ya sake koyo daga farko. Ana cewa sabo turken wawa, amma a nan ba wauta ba ce, abincin mutum ne a ciki. Kuma wasu abubuwan an yi jinkiri da gaske, GIMP sai a fitowarta ta 3.0 a 2025 ta samu damar gyara hoto ba tare da lalata asalinsa ba ta hanyar da masu Photoshop suka daɗe da sabawa da ita.

Maganar takardun ofis ta ma fi ciwo, don ita ba ruwanta da ko kai ka iya ko ba ka iya ba. LibreOffice wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010 za ta rubuta maka wasiƙa, ta yi lissafi, ta haɗa silaid, ba abin da ya rage. Matsalar tana zuwa ne ranar da ka tura wa wani. Tsarin fayil na buɗaɗɗun manhajoji wato ODF ya samu amincewar hukumar ISO a 2006, shi ma Microsoft ya kai nasa OOXML aka amince da shi a 2008 bayan dogon ce-ce-ku-ce, kuma nasan ne duniya ta bi, docx da xlsx. Bayanin tsarin nasa ya haura shafi dubu shida, kwaikwayonsa daidai-wa-daida aiki ne ja. Sai ka shirya takarda tsaf a wurinka, a buɗe ta a Word tebur ya goce, shafi uku ya zama huɗu, wani lokaci ma don kawai salon haruffan Calibri babu shi a kwamfutarka aka musanya da wani. Ga kuma ƙananan shirye-shiryen makro da kamfanoni suka shekara suna ginawa a cikin Excel, waɗanda galibi ba sa tafiya yadda ya kamata a wani wuri. Wanda takardar neman aikinsa ta isa a hargitse sau ɗaya ba zai tsaya bin diddigin laifin waye ba, zai koma inda ya fito ne kawai.

Wannan batun na laifin waye shi ne yake bin Linux a ko'ina, an bar jaki ana dukan taiki. Dubi maganar direba, wato ƴar manhajar da ke haɗa babbar manhaja da kayan ƙarfe kamar firinta da kyamara da katin hoto da na wayfay. Duk kamfanin da ya ƙera wani abu, dole ya rubuta masa direban Windows ya gwada shi kafin ya kai kasuwa, in ba haka ba ba zai sayar ba. Na Linux kuwa ganin dama ne. Wasu kamar Intel da AMD suna yi da kansu kuma suna yi da kyau, wasu kuma ko takardun bayani ba sa bayarwa, sai ƴan sa-kai su zauna suna lalube har su gano yadda abin ke aiki. Rikicin da aka sha da Nvidia sananne ne, har Torvalds ya fito fili a wani taro a jami'ar Aalto a 2012 ya ce su ne kamfani mafi wahalar sha'ani da suka taɓa mu'amala da shi, sai a 2022 kamfanin ya fara buɗe wani ɓangare na direbobinsa. Yau abin ya yi sauƙi nesa ba kusa ba, yawancin kwamfutoci kana ɗorawa komai zai kama aiki, wani lokacin ma firintar da Windows ta daina kulawa da ita sai ka ga Linux ta gane ta nan take. Amma saura ƙananan abubuwan nan masu cin rai, na'urar karanta zanen yatsa ta ƙi, kyamarar sabuwar laftof ta ƙi, ka rufe murfi ka sa a jaka ka dawo ka tarar batir ya ƙare don ba ta yi barci da kyau ba. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya kori mutum, kuma abin da zai tafi yana faɗa shine Linux ba ta aiki, ba zai taɓa ambatar kamfanin da ya ƙi rubuta direban ba.

Sai dai ba zan ɗora komai a kan na waje ba, akwai wanda mu muka jawo wa kanmu, kuma shi ya fi damuna. Babu wani abu guda ɗaya da ake kira Linux da za ka miƙa wa mutum. Akwai Debian tun 1993, akwai Fedora, akwai Ubuntu da ta fito a 2004, akwai Mint da Arch da openSUSE da ɗaruruwan wasu, kowace kuma da fuskar da take sawa, wato tsarin abin da kake gani a sikirin, GNOME ko KDE Plasma ko Xfce ko Cinnamon. Sabon shiga ya tambaya wacce zan ɗauka, mutum goma su ba shi amsa goma har su fara musu a tsakaninsu a manta da shi. Wannan ma da sauƙi, wanda ya fi shan wuya shine mai rubuta manhaja. A Windows fayil ɗaya zai haɗa ya raba wa duniya, sau da yawa ma wanda aka haɗa shekara ashirin da suka wuce yana nan yana aiki. A Linux sai ya yi na deb don dangin Debian ya yi na rpm don dangin Fedora, ya bi kowane nau'i da irin guntayen kod ɗin da manhajoji ke dogaro da su da yake ɗauke da su, abin da ya yi aiki bana baɗi ya karye. Shi kansa Torvalds ya koka da wannan a taron Debian na 2014, ya ba da misali da manhajarsa ta masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa mai suna Subsurface, cewa suna haɗa ta Windows da ta Mac cikin sauƙi amma ta Linux ta zame musu ciwon kai. In har wanda ya ƙirƙiri abin yana faɗin haka, me kake tsammani daga kamfanin da dama neman uzuri yake?

An zo an nemo magani, wato hanyar haɗa manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowane nau'i, amma maimakon ɗaya sai aka samu uku, Flatpak da Snap da AppImage, kowanne da magoya bayansa. Haka aka yi da tsarin da ke zana abubuwa a sikirin, tsohon X11 na tun 1987 ya tsufa kowa ya yarda, aka fara Wayland a 2008 don ya gaje shi, Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ya ware ya kama nasa mai suna Mir, ya yi shekaru a kai sannan a 2017 ya haƙura ya ajiye shi a matsayin na tebur tare da fuskar Unity da ya ƙirƙira. Sauyin nan zuwa Wayland ya ci sama da shekara goma sha biyar, a tsakani kuma abubuwa irin su nuna sikirin ɗinka a taron bidiyo suka riƙa lalacewa, makafi masu dogaro da manhajar Orca mai karanta musu rubutu su ma suka sha wahala, wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne, don duk ma'aikatar da doka ta wajabta mata kula da masu buƙata ta musamman ba za ta yi wasa da shi ba. GNOME 3 ta fito a 2011 ta sauya komai, waɗanda ba su ji daɗi ba suka ɓalle suka yi MATE da Cinnamon. Na san amsar da ake bayarwa, ai ƴancin kenan, kowa na da damar ɗaukar kod ya bi hanyarsa. Na yarda, kuma wallahi wannan ƴancin shi ya sa nake ƙaunar abin. Amma yana da tsada, kuma wanda ke biya shine talakan mai amfani da bai san ma ana wani musu ba.

Akwai kuma yadda ake karɓar baƙo. Mutum ya zo da matsala a ce masa ya buɗe taminal, wato tagar da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, ya rubuta wani dogon umarni da bai san ma'anarsa ba, ko a ce ya je ya karanta littafin bayani. Masu taimako da zuciya ɗaya sun fi yawa nesa, ni shaida ne, amma guda ɗaya mai girman kai ya isa ya sa mutum ya ji ba wurinsa ba ne.

In ka bi duk waɗannan zuwa ƙasa kuɗi za ka tarar. Linux tana da kuɗi fa, IBM ya sayi kamfanin Linux na Red Hat a kan dala biliyan 34 a 2019, yawancin masu rubuta kenel ma'aikatan manyan kamfanoni ne da ake biyansu albashi. Amma kuɗin na saba ne da na girgije, wato hayar kwamfutoci ta intanet, da na waya, don nan ne riba take. Tebur ba wanda ya gano yadda zai ci riba da shi. Mark Shuttleworth, wanda ya kafa Canonical, ya zuba dukiyarsa a Ubuntu shekara da shekaru, har matsala ta farko da aka rubuta a rajistar kurakuran Ubuntu ita ce Microsoft ne ke riƙe da mafi yawan kasuwa, amma daga baya shi ma kamfaninsa ya karkata ga saba inda ake biya. Shi ya sa aikin da ke da daɗin yi ake samun masu yi, wanda kuma ba daɗi, irin gwada manhaja a kan laftof iri ɗari biyu, da gyara ƴan ƙananan kurakurai, da rubuta bayani, da amsa kiran wanda ya rikice, sai ya rasa mai ɗauka. Lokacin da asusun Sovereign Tech Fund na Jamus ya ba GNOME yuro miliyan 1 a 2023 an yi murna sosai, kuma ya cancanci murna, amma ka auna wannan da abin da Microsoft ko Apple ke kashewa a kan nasu ka ga tazarar.

Ma'aikatu da kamfanoni kuwa nasu lissafin daban ne, kuɗin lasisi ƙaramin abu ne a wurinsu. Abin da suke tambaya shine wa za mu kira in ta lalace, ma'aikatanmu sun iya, tsarin Active Directory da muke sarrafa kwamfuta dubu da shi fa, tsofaffin manhajojin da aka rubuta mana musamman fa. Labarin birnin Munich na Jamus ya ƙunshi duk wannan. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Linux, har shugaban Microsoft na lokacin Steve Ballmer ya taka da kansa ya je wurin magajin garin Christian Ude don ya shawo kansa, bai yi nasara ba. Aikin da suka sa wa suna LiMux ya ɗauki shekara goma, zuwa 2013 an mayar da kwamfutoci kusan 15,000. Sai shugabanci ya canza, ƙorafe-ƙorafe suka yi yawa musamman a kan musayar takardu da sauran hukumomin da ke kan Office, a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Masu goyon bayan Linux suna nuni da cewa a 2016 Microsoft ya dawo da hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin, masu suka kuma suna cewa aikin ne bai yi ba. Abin da na ɗauka daga ciki shine birni ɗaya tilo a tsakiyar ƙasar da kowa ke kan Windows kullum shi zai riƙa lanƙwasawa, kuma aiki irin wannan ya fi wa'adin ɗan siyasa tsawo. Jandarmomin Faransa da suka bi abin a hankali, suka fara canza manhajar ofis da birauza kafin su taɓa babbar manhajar a 2008, har yau suna kan tasu GendBuntu a dubun-dubatar kwamfutoci. Jihar Schleswig-Holstein ita ma a 2024 ta sanar da mayar da kwamfutoci wajen 30,000, kuma da LibreOffice ta fara.

Yanzu dubi wuraren da Linux ta shiga hannun mutanen da ba ruwansu da fasaha. Android, sai Chromebook da Google ya fito da ita a 2011 ta mamaye makarantun Amurka, sai Steam Deck, na'urar wasan gem ta hannu. Ta ukun ta fi burge ni don kamfanin Valve da ya yi ta ya fara faɗuwa kafin ya gane. Ya kawo Steam, shagonsa na sayar da gem, kan Linux a 2013, ya fitar da kwamfutocin wasa na Steam Machines a 2015 ba su karɓu ba saboda wasannin gem ɗin da ke aiki a kansu ba su da yawa. Maimakon ya ci gaba da roƙon masu haɗa gem su rubuta na Linux, sai ya ɗauki Wine, aikin da ƴan sa-kai ke yi tun 1993 na sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux, ya zuba kuɗi ya biya mutane, a 2018 ya fitar da Proton, dubban wasannin Windows suka fara tafiya ba tare da masu su sun taɓa komai ba. Sannan a 2022 ya fitar da Steam Deck ɗin kanta, ƙarfen nasa manhajar tasa, kana kunnawa ka kama wasa. Miliyoyin mutane suka saya, da yawansu ba su ma san Arch Linux ce da KDE a ƙasa ba, zuwa 2023 masu Linux a Steam suka zarce masu Mac. Ko a nan bangon bai faɗi duka ba, wasannin da ke da manhajar hana maguɗi mai shiga can cikin kenel irin su Valorant da Fortnite ba sa aiki, Apex Legends ma da take aiki an rufe ta a ƙarshen 2024.

Abu ɗaya ya haɗa ukun nan, a kowanne akwai kamfani guda da ya ɗauki nauyin abin tun daga ƙarfe har manhaja har kai shi hannun mai saya, in ya lalace an san ƙofar da za a buga. Kuma a kowanne an rage wa mai amfani zaɓi. Wannan shine abin da yake min nauyi a zuciya, don abin da ya sa na zo Linux tun farko shine kada wani kamfani ya riƙe min wuya, sai ga shi duk inda ta kai ga jama'a ta hannun kamfani ta bi, Android da ChromeOS ta cikin Chromebook ma da yawa daga cikinmu ba sa lissafa su a matsayin nasara saboda Google ne ke juya su. Steam Deck ta ɗan nuna akwai tsaka-tsaki, tana zuwa a shirye amma ba a kulle ta ba, kana iya fita zuwa tebur ka yi abin da ka ga dama, gyare-gyaren da Valve ya biya aka yi kuma sun koma ga kowa.

Wasu abubuwan suna sauyawa da kansu. Aiki da yawa ya koma cikin birauza, wanda harkarsa imel ce da Google Docs da kallon bidiyo da taron Zoom ba abin da zai rasa. Microsoft kuma ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon firosesa, wanda hakan ya bar miliyoyin kwamfutoci masu lafiya a waje, kuma Mint ko Ubuntu za su riƙe su shekaru ba matsala. Dama ce babba, amma an taɓa ganin irinta lokacin Vista da lokacin Windows 8 da ranar da aka binne XP a 2014, kowane karo wasu sun shigo, mafi yawa kuwa ko dai suka ci gaba da tsohuwar a haka ba tsaro ko suka sayi sabuwar kwamfuta, ita kuma sabuwar da Windows ta zo a cikinta.